Layi na Tamanin da Huɗu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025
Kwana hamsin da rasuwar Malam. Hajiya Hajara, shugabar matan Dandin Mahe masu noman albasa, ta zo Bodinga ta same ni a ɗaki. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗiyata Zahra'u, shafin nan hwa?" Ƙungiyar da ke gina rumbunan albasa ta ce sai sun ga shafin matan a intanet, da suna da hoton kowa, kafin Alhamis ta sama. In babu, a cire su. Bara rabin albasarsu ruɓewa ta yi. Malam ne ya ɗauki aikin. Ni ina takaba, ba inda zan je neman taimako.

Talata, 4 ga Fabrairu
Na buɗe kwamfutarsa. Na rufe.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na sake buɗewa. Aji uku na tsaya a sakandare, amma ina zama gefensa ina tsinke zogale yana aiki, na ga yadda yake yi. Ya koya wa manhajar rubutun maɓalli biyu. Ɗaya in ka danna sai ta shimfiɗa gurbin suna da ƙauye da hoto. Ɗayan ya duba shafin ya faɗi kurakurai. Mata tara ya sa, ya tsaya a layi na 84. Daga nan zazzaɓin ya kwantar da shi. Saura ashirin da biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Na gama su duka. Na danna na dubawa, ja ya cika ƙasan allo. Kurakurai goma sha huɗu. Na goge nawa kaf na sake rubutawa. Goma sha huɗu. Ya Allah.

Litinin, 10 ga Fabrairu
Sau uku ke nan. Idona na zafi, tuwon ma ya kama. Khadijatu ƙanwar Malam ta kira daga Shagari, ta ɗan san aikin. Na karanta mata jan rubutun harafi harafi, tana dariyar Turancina. Ta ce, "Anti, layin hwarko da manhajar ta ambata, wane na?" Na ce 84. Ta ce to can ciwon yake. Na ce wannan na Yayanki ne, ba ya kuskure. Ta ce, "Mutumin da ya taɓa tahiya masallaci da takalminki?" Na kashe wayar.

Gaskiya tun ranar farko na lura daga layin nan launin rubutun ya rikice. Na ƙi kallo ne. Shi ne abu na ƙarshe da yatsunsa suka taɓa. In na gyara, me ya rage?

Laraba, 12 ga Fabrairu
Hajiya ta aiko da kwandon albasa. Ba ta ce komai ba, da ma ta yi faɗa. Gobe ne.
Na kalli layin sosai. Ya buɗe 'yar alamar nan mai kamar ƙwayoyi biyu a sama, ya rubuta sunan hoton Zainabu, mace ta tara, bai rufe ba. Shi da kullum yake ce mini, abin da kika buɗe ki rufe. Na ɗauki hoton allon da wayata tukuna. Sannan na sa alamar. Dannawa ɗaya.
Jan ya tafi duka. Na kifa kaina a kan tabarma na daɗe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Khadijatu ta ɗora shafin da hantsi, an karɓa. Ta ce matan Lambara ma suna son irinsa. Ban ce to ba. Na dai tambaye ta su nawa ne.