Ɗan Gayu Ya Yi Ƙwai

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure tamau.

Ina da wani tsuntsu, irin ƙaramin akun nan mai tukku da jan kumatu da ake kira kokatil. Ɗan Gayu nake ce masa, namiji ne, shekara da shekaru muna tare. In ya fara fito da safe, har maƙwabta sai sun san ya tashi. Watan jiya ina wanke kejinsa na manta taga a buɗe, sai fir, ya fice. Babu lungun da ban leƙa ba, ina tafe ina fito a titi kamar wadda ta zautu.

Rannan ƙanina ya shigo da gudu, wai ya gan shi a keji a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Na je na duba, ga tukkun, ga kumatun, sak. Dattijon ya rantse tsuntsuwarsa ce, mace ce ma, tun tana ƙarama yake kiwonta. Ni kuwa idona ya rufe. Ƙanina dama bakinsa ba birki, ya ɗaga murya ya kira shi ɓarawo. Jama'a suka taru, har da masu ɗauka a waya. Bawan Allahn nan ya sauko da kejin ya miƙo mini.

Da muka dawo gida tsuntsu ya ƙi fito, ya ƙi hawa kafaɗata, in na kai hannu sai cizo. Na ce wahala ya sha, har na ƙara tsine wa dattijon a zuciyata. To Anti, jiya da safe ina ɗaga zanen da nake rufe kejin, sai ga ƙwai! Fari, ɗan mitsitsi, a ƙasan keji. Na yi mutuwar tsaye. Ɗan Gayu da ƙwai?

An ce mini tun ranar nan mutane sun daina kai wa dattijon gyara, wai kada ya sace musu kaya. Ƙanina ya ce in jefar da ƙwan mu ja bakinmu mu yi shiru. Ni ko abinci na kasa ci. Yaya zan yi?

Wadda ta rasa inda za ta sa kanta

Amsa:

'Yar uwa, ni ma sai da na riƙe baki. Gaskiya ne ana iya kiwon tsuntsu da sunan namiji, daga baya ta yi ƙwai, don mace ba sai da namiji take yi ba. Amma wannan ba ta fito, ba ta san hannunki ba, kuma mai ita ya faɗa miki mace ce tun kafin ƙwan. Ke ma kin san amsar.

Ban ga laifinki a kuskuren ba. Tsuntsayen nan kama gare su, kuma wanda ya yi rashi ko'ina ya waiga nasa yake gani. Laifin yana wajen kiran mutum ɓarawo, kuma sunansa ne abincinsa.

Ki watsar da shawarar ƙaninki. Ki mayar da tsuntsuwar da kanki, har da ƙwan, kada ki aika kowa. Ki je lokacin da titi ya cika, ki tasa ƙaninki a gaba, ya wanke dattijon da babbar murya. Masu waya su ɗauki wannan ma. A bainar jama'a kuka ɓata shi, ban haƙuri a ɓoye ba zai dawo masa da masu kawo gyara ba. In bai yafe nan take ba, kada ki matsa masa.

Daga nan ki koma cigiya, don naki yana can waje, kuma tun ranar da kika ɗauko ta wani babu mai nemansa.

Allah ya mayar wa dattijo mutuncinsa, ke kuma ya bayyana miki naki.