Farin Hayaƙi a Hoton Baban Hadiza

Assalamu alaikum, Baban Hadiza. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa. Ita ma ta yi furfura, wadda ka bari tana rarrafe.

Ka tuna shekarar da Nasaran nan mai neman duwatsu ya ɗauke ka shofer, wato direba, a Agadez, can ƙarshen mulkin Faransa? Wanda muke ce wa Mushe Dogo, mushe kuwa malam ne da Faransanci. Muna sabon aure, ka ce ba ka tafiya ka bar ni, sai ya yarda in bi ku in riƙa dafa wa ayari, shi kuwa yana da nasa kukun. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muka bi ta wajen Gougaram, muka sauka a wani fili da babu ko bukka. Yanzu gari ne, Arlit, har da kasuwa da tasha. A nan nake zaune.

Ban da duwatsu, Mushe yana da wani aikin. An aiko masa sabon fim mai launi daga ƙasarsu, irin na masu sana'ar foto, aka ce ya gwada shi ya faɗi yadda ya same shi. Kai ne ka fassara mini maganarsa: wai abu uku ke kunyata fim, shuɗin turkuɗi, jar jemammiyar fata, da baƙar fuska a tsakar rana. Shi ya sa ya dame mu. Ya ɗauke mu da hantsi, ya ɗauke mu rana tsaka, ya ɗauke mu da la'asar sakaliya. Ya sa na yafa turkuɗina na riƙe jar jakar fata, kunya kamar in nitse. Kai kuwa kana gefe kana dariya, kana cewa, “Yau amaryata za ta Faransa babu ko guzuri.”

Jagoranmu, tsoho Aghali Ba'abzine, shi kaɗai ya ƙi tsayawa. Ya ja rawaninsa har ido. Da guntuwar Hausarsa ya ce mana, “Wannan wuri tana da masu shi. Raƙumi ba ta kwana nan.” Gaskiya ya faɗa. Kullum da yamma raƙumansa ke janyewa can bayan tudu, ba wanda ya kore su.

Akwai kuma akwatin nan na Mushe mai ƙara kamar ana suyar fara. In ya kusanta shi da rawayen duwatsun wurin, sai ya haukace. Kai kake tsince su, ka cika gaban rigarka, ka kai cikin mota. In ka zo cin tuwo, hannunka kamar ka taɓa ɗorawa.

Fim ɗin sai da aka kai shi Faransa aka wanko. Ya dawo bayan damina, mun riga mun koma Agadez, ina da cikin Hadiza. Ba a takarda ya fito ba. 'Yan ƙananan abubuwa ne kamar gilashi cikin kwali, sai an haska su. Mushe ya kira mu gidansa bayan azahar, ya rufe tagogi, ya rataya farin zane, ya kunna majigi.

Sai ga ni a bango, na fi ƙofa tsawo. Turkuɗin yana ƙyalli kamar in miƙa hannu shuni ya kama ni. Jakar ta yi ja fiye da yadda take. Mushe yana gyaɗa kai, kai kana raɗa mini abin da yake cewa: shuɗi ya yi, ja ya zarce kaɗan, yashi ya fito daidai, amma inuwa ta yi nauyi, ta cinye idanun kuku a hoton tsakar rana.

Sannan aka zo kanka.

Ga kamiyo, ga takalmanka, ga wandonka. Daga ƙirji zuwa sama babu kowa. Wani farin hayaƙi ne mai ɗan kore-kore ya tsaya a wurin, da faɗin kafaɗunka. Mushe ya tura na gaba. Muna zaune mu uku a tabarma, ni da kai da kuku, kowa da fuskarsa ban da kai, ni ina kallon gefena ina murmushi, abin da nake yi wa murmushin hayaƙi ne. Na gaba ma haka. Na ji ka daina fassara.

Mushe ya buga tebur, ya ce fim ɗin banza ne, zai rubuta musu haka. Can ya juyo gare ka. Ya tambaye ka inda ka ajiye kwalin fim a mota. Ka ce tare da duwatsu. Wallahi har yau ina jin dariyar da ya yi. Ya rungume ka, ya ce fim lafiya lau yake, duwatsun ne ke fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma wannan hasken suka ƙetaro teku nema.

To, na ji. Amma da ni da kuku da kamiyo duk muna cikin fim ɗin, a kwali ɗaya muka kwana da duwatsun. Me ya sa kai kaɗai? Na tambaye ka a hanya. Sai da muka kai ƙofar gida ka ce, “Kada ki faɗa wa Innata.”

Na roƙe ka kada ka koma wurin duwatsun. Ka ce mai iyali ba ya zaɓen hanya. Ka koma, ka dawo da tari. Lokotoro ya duba ka a asibiti, ya rasa sunan ciwon. Ban ce dutse ne ba, ban ce masu wurin ne ba. Ajali ne, na sani.

Bayan sadakar arba'in Mushe ya aiko mini da guda ɗaya, wanda hayaƙin bai gama rufe ka ba. Kunne ya tsira, da kunci ɗaya. Yana cikin kwallata. Shekaru sun sha launinsa, sama ta koma ja-ja, kamiyon ya dushe. Farin nan ne kawai ko gezau bai yi ba.

Ga abin da ya sa na kira Hadiza yau, maigidana. Ta tambaye ni a wane kunci tabonka yake, na faɗuwa daga raƙumi. Na kasa tunawa. Na ɗauko hoton na ɗaga ga rana, ga tabo a dama. Hadiza ta juya shi, ga tabo a hagu. Ta ko'ina ana gani, ban san gabansa ba. Duk wanda zan tambaya ya bi ka. Kuncin da na shafa wa mai da hannuna, yau ban san wanne ba ne.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka da hasken da ba ya cutarwa, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda zan gan ka gaba ɗaya, in duba da kaina.

Taka har kullum,
Uwar Hadiza