Bangon Shuɗi da Ke Saman Talabijin

Gwaggo Opal, ki taimake ni, na shiga uku, kuma da ƙafata na shiga.

Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi sunan garinmu ba. Ƙaramin gari ne a yammacin Nebraska, mutum ɗari huɗu, shanu sun fi dubu goma. Shekarata hamsin da uku, kuma shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa motar asibitin garin, aikin sa-kai. Ni ne direba, Verna ce ke baya tare da majinyaci, domin ita kaɗai ke da takardar shaidar agajin gaggawa. In babu mai shaida a baya, motarmu ba ta ɗaukar kowa. To yanzu Verna ta kai saba'in da ɗaya, gwiwoyinta sun gaji, ta ce ƙarshen Disamba za ta ajiye. In ta ajiye ba a sami wani ba, duk wanda zuciyarsa ta buga sai ya jira mota daga babban garin gunduma, tafiyar minti hamsin, in ma babu ƙanƙara a hanya.

Ranar karin kumallon fanke da 'yan kwana-kwana ke shiryawa duk shekara, shugabanmu Orval ya hau kujera ya ce an sami magajin Verna, ya nuno ni. Bakina cike da fanke, ban samu na ce uffan ba. Aka ɗau tafi. Verna ta rungume ni har da ƙwalla. Ni ma, ba zan ɓoye miki ba, kaina ya fasu.

Sai takardar sharuɗɗan kwalejin da ke koyar da agajin gaggawa ta iso. Layin farko, shekara goma sha takwas, na cika ta kusan sau uku. Lasin tuƙi akwai. Binciken 'yan sanda fes, in ban da barewar nan da na harbe ana gobe za a buɗe farauta. Fitsari na kai musu a ɗan kofi, ban ji komai ba sai da na ga 'yar maƙwabcina ce ke karɓa. Katin rigakafi Mama ta zaro shi daga gwangwanin biskit inda take tara maɓallai, alluran da suka rage kuma aka ɗirka mini su rana ɗaya, hannuna ya kwana uku bai ɗagu ba. Gwajin tarin fuka lafiya lau. Danna ƙirji don farfaɗo da zuciya kuwa, na yi wa mutum-mutumin roba har malamar ta ce ya isa, kada in karya musu kaya. Ɗaga nauyi ba a ma tambayar mutumin da ke saɓa maraƙi a wuya.

Saura layi na biyu, wanda nake ta tsallakewa: takardar kammala sakandare ko makamanciyarta.

Gwaggo, ban gama sakandare ba. Wannan ne karo na farko da na rubuta wannan magana. A shekarar ƙarshe Baba ya karye a ƙafa daidai lokacin haihuwar shanu, na yi ta fashi, na faɗi darasin tarihi. Darasi ɗaya tak. Shugaban makaranta, marigayi Mista Hruska, ya tausaya mini, ya ce in sa doguwar riga da hula in hau dandamali tare da kowa, in biya darasin lokacin hutu. Kin san yadda ake yi, bangon takardar kawai ake miƙa wa kowa ranar bikin, takardar sai daga baya ta zo ta gidan waya. Hutu ya zo da yankan ciyawa. Bayan ciyawa sai Marlys, matata, bayan Marlys sai yara.

Shekara talatin da biyar ina tare da bangon nan, shuɗi da rubutun ruwan zinariya, a rufe, kuma tun da muka yi aure yake saman talabijin. Da muka sayi talabijin na zamani marar ƙeya, da hannuna na kafa masa katako a sama. Mama ta rataye hotona da hular a ɗakinta. Ni ne shugaban taron 'yan ajinmu, duk shekara biyar ni ke jawabi. Abin da ya fi ci mini rai, lokacin da ɗanmu ya so barin makaranta, wannan bangon na nuna masa da yatsa na ce, “Ubanka ma ya daure ya gama.” Ya kuwa gama, yanzu injiniya ne.

Na san za ki ce in je in yi jarrabawar manya wadda ke tsaya wa sakandare. To wa ke koyar da ajin a garinmu? Lorna, yayar matata, wadda magana ba ta kwana a bakinta, wadda kuma na shekara talatin ina tsokana cewa boko ya yi mata yawa. A ɗakin karatu ake yi, gabansa duk gilashi, yana kallon shagon da tsofaffin garin ke shan kofi.

Na yi tunanin aron takardar ɗan baffana, sunan gidanmu ɗaya. Na yi tunanin ciwon baya, har na gwada ɗingishi kwana biyu, sai na manta na ɗauki buhun dusa a gaban Orval. Da na tuna an rufe makarantarmu tun tuni, na buga wa ofishin ilimi waya ko Allah zai sa takardu sun ɓata. Matar da ta ɗauki wayar ta amsa da fara'a cewa ko guda bai yi ciwon kai ba.

Jiya Marlys ta tafi coci, na sauko da bangon na buɗe, ban san me nake fata ba. Sai ga takardar garantin injin wanki a ciki, wanda muka saya shekarar da aka haifi 'yarmu. Ina jin Marlys ta zura ta ne ta gefe ba tare da ta buɗe ba, ita ba mai bincike ba ce.

Sha biyar ga Agusta ake rufe karɓar takardu. In na janye, garin ya rasa mota. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli ɗana? Ya zan yi?

Direba Mai Bangon Wofi

*

Ɗana Direba,

Na sauya duk sunayen da ka rubuto, amma garin da ke da motar asibiti ɗaya direbansa ɗaya ne. In Lorna na karanta jarida, ka ɗauka ka riga ka yi rajista.

Mu fara da abin da ba za ka yi ba. Takardar ɗan baffanka ka bar masa abarsa. Makarantun nan ba bango suke dubawa ba, sakamako suke nema kai tsaye daga ofishin da matar nan mai fara'a ke zaune, kuma mutumin da aka kama da takardar wani ba a sake ba shi amanar majinyaci. Ɗingishin ma ka bar shi, ba ka iya ba.

Kunyarka ba ta banza ba ce, ba zan raina ta ba. Amma kada ka tsani layi na biyu. Wanda zai zauna a bayan mota sai ya karanta littafi mai kauri, ya auna magani, ya rubuta rahoton da likita zai dogara da shi. Makaranta na da hakkin ta tabbatar ka iya. Kai kuma ka yi shekara goma sha tara kana kallon aikin, abin da ya rage maka kaɗan ne.

Gobe ka sake buga wa ofishin ilimi, ka nemi sakamakonka, ka tambaya ko akwai hanyar da babba zai cike darasi ɗaya ya karɓi takardarsa. A wasu wurare akwai. In babu, jarrabawar manya na nan. Sannan ka je kwalejin da kanka ka faɗa musu gaskiya, ka ji ko suna karɓar mai kan neman takarda, ko akwai wani zangon a Janairu. Ba kai ne na farko da ya shiga ofishin nan yana murza hula ba. In Agusta ta wuce ka, sai ka roƙi Verna ta ƙara 'yan watanni. Wannan roƙo ba zai yiwu da ƙarya ba, kuma ta fi buƙatar jin sa yau a kan Disamba.

Ajin Lorna ka shige shi ta ƙofar gaba, ka zauna jikin gilashi, ka ɗaga wa masu kofi hannu. Za su yi dariya mako guda. Rabinsu kai za ka ɗauka wata rana, sun sani. Lorna kuwa ta yi haƙurin shekara talatin, ka bar ta ta rama. Ɗanka ka kira shi da bakinka. Abin da ka faɗa masa ƙarya ne a lokacin, kuma yana hannunka ka mayar da shi gaskiya.

Saura Marlys. Ɗana, ba a zura takarda a bango ta gefe. Matar nan ta buɗe shi shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ta ga wuri ne mai kyau da babu mai taɓawa, ta yi ajiya. Tana nan tsaye ka nuna wa ɗanku shi, ta rufa maka asiri. Tana gogewa duk Asabar, ta mayar maka da shi yadda ka ajiye. Asirin da kake jin kai kaɗai ke ɗauke da shi, ku biyu kuke ɗauke da shi tun tuni, kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ka fara da ita, yau, kafin kowa. Ka gode mata kafin ka ba ta haƙuri.

Allah ya ba ka sa'ar tarihi, ya kiyaye hanya. Ranar da takardar gaske ta iso, ka bar Marlys ta saka ta da hannunta, amma ka fara tambayarta inda za a mayar da ta injin wanki.

Gwaggo Opal