Gajeriyar Ƙafa

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Kaskon ya iso daga Gagamari, alhamdu lillahi. Iya Falmata ce ta gina mini, tsohuwar nan mai kaskon turaren wuta da ta baro Tumur lokacin hare-hare. Ƙafa uku, jan yumɓun bakin Komadugu. 'Yar tsamiyata za ta shiga ciki. Shekara tara ina datse ta, rassa da saiwa, har yau ba ta kai kamu biyu ba. Bonsai ake ce wa irin wannan. Hadjara matata kuwa “ɓata lokacin Munkaila” take ce mata. Ran 3 ga Agusta za a nuna ta a bikin dashen itatuwa, na ƙarshe gare ni kafin in bar aikin gandun daji. Ina son ta fita kunya.

Laraba, 10 ga Yuli
Na aza kaskon kan tebur don in zaɓi gabansa. Ko ƙafa biyu su kalli mutane, ko guda. Ina juyawa sai na ga ya karkace. Na sa ma'auni: ƙafa guda ta gaza sauran da faɗin ɗan yatsa.
Raina ya ɓaci. Yanar ido ta ci idon Iya, kowa ya sani, ni ne dai da tausayin da ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
In na sa gajeriyar baya, tsamiyar ta ƙara zuwa rigingine, da ma can baya take jingina. In na tokare da kwali, za a gani. Na ɗauko magagari zan rage sauran biyun. Hadjara ta ce, “Wuyanka ya fi yumɓun nan tauri. Je ka tambayi mai shi mana.” Na ajiye magagarin, ba don maganarta ba, tsoron fashewa nake.

Asabar, 13 ga Yuli
Dole in dasa cikin satin nan, in ba haka ba saiwa ba za ta kama kafin bikin ba. Akwai kaskon roba a biro, ofishinmu, sumul. Amma na riga na ce wa Iya za a ga aikinta, kuma ta faɗa wa duk maƙwabtanta.

Lahadi, 14 ga Yuli
Na je Gagamari da kaskon a bayan moto, ɗan babur ɗina. Duk hanya ina shirya yadda zan ce ta sake wani ba tare da na ambaci idonta ba. Na iske ta tana kwaɓa yumɓu. Daga tsaye na gaishe ta, yadda na saba. Na yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa tana shafa ƙafafun kaskon ɗaya bayan ɗaya.
“Ka auna ke nan, ɗana,” in ji ta.
Na ce na auna.
Ta yi dariya har da tari. Ta ce ranar da na kawo mata tsamiyar ta lalube ta da hannu, ta ji ta ja da baya, hanci sama, kamar mai kaki. “Abin da za a ajiye gaban baƙi ba ya ɗaga musu kai. Na rage ƙafa guda don ta ɗan sunkuya. Gajeriyar ita ce gaba.” Wai haka suke yi wa kaskon turaren ɗakin baƙi a Tumur, ya ɗan duƙa wajen ƙofa.
Kunya ta rufe ni. Shekara tara ina kallon itacen nan da ido biyu lafiyayyu.

Litinin, 15 ga Yuli
Na dasa, gajeriyar a gaba. Sai ka ce wata tsamiya aka kawo. Na daɗe zaune gabanta.
Da na goge ƙafafun nan fa? Allah na gode maka. Hadjara ma, to, na gode.

Juma'a, 26 ga Yuli
Sabon toho uku. An yi ruwa da hantsi.

Asabar, 3 ga Agusta
An yi biki. Ina can wajen ɗauko kujeru, na dawo na tarar shef, shugabanmu a wurin aiki, ya naɗe takarda ya cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, wai ya gyara mini. Shekara ashirin da shida ban taɓa yi wa na gaba da ni gardama ba. Na zare takardar a gabansa, na ce haka mai ginin ta so. Ya kalle ni, ya kalli tsamiyar, ya bar ta haka.
Mutane sun yi ta tsayawa. Wata malamar lakkol, wato makarantar boko, ta ce, “Kai, kamar tana gaishe mu.” Mata huɗu sun tambayi inda Iya take zaune. A katin da ke gaba sunanta ne a sama, nawa a ƙasa. Wuri ne ya zo a haka.

Litinin, 5 ga Agusta
Mun je Gagamari ni da Hadjara, da goro da sabulu. Na kai tsamiyar don Iya ta taɓa tohon. Ta shafa a hankali, ta ce tsamiyar ta koyi ladabi.
A hanyar dawowa Hadjara ta ce tun rasuwar babana ba ta ga na durƙusa na gai da kowa ba sai yau.
Tsohuwar ba ta ji sosai ne, dole mutum ya matso ƙasa.