Ƙaho a Kan Allura

Bazaga

Zuwa ga ɗiyata Nasiba, a Illela.

Bayan sallama, ina aiki, ina gajiya? Malam Almoustapha ne ke rubuta mini, na kuwa ce masa ya sa yadda na faɗa, kar ya gyara.

Kin aiko ɗanki Faruk ya yi mana hutu, kin haɗo shi da dokoki kamar ba ni na rene ki ba. To ga labari. Ina kasuwa masu allurar sanƙarau suka shigo gari, uwarki Binta ta miƙa musu yaron ba da sanina ba. Kafin la'asar damtse ya kumbura, jiki ya ɗauki zafi. Ni wanzami ne ɗan wanzami, ba na kallon ciwo in naɗe hannu. Na yi tsaga a wurin, na kafa ƙaho, na zuƙe ruwan allurar da mataccen jinin da ta tara. Baƙi ƙirin ya fito. Har a ƙofar masallaci na nuna wa jama'a.

Kuma kar ki sake yi mini zancen amosanin jini. In ma Faruk yana da shi, wajen mijinki Abdurrazak ya kwaso, shi da ya zo Konni da Sallah bai ratso ya gaishe ni ba. Ke ta madubi kike leƙen jini a likita, ni tun ba a haife ki ba nake taɓa shi da hannu.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Ubanki, Chindo Wanzam

Konni

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kana lafiya.

Takardarka a likitar Konni ta same ni, gefen gadon Faruk. Inna ce ta kawo shi bisa kabu-kabu da ta ga tafin hannunsa ya yi fari fat. Tsagar ta yi mugunya, zazzaɓi ya tayar da ciwonsa, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Sai an ƙara masa.

Baba, allura ba ta kwanciya a damtse balle a zuƙo ta. Koya wa jiki take yi ya gane ƙwayar cuta ya sa mata shaida, zafin nan kuma yakan wuce da kansa. Jajayen ƙwayoyin jini, ban da iskar da suke rabawa, suna kwasar abin da aka yi wa shaida su kai hanta da saifa a hallaka shi. Na Faruk kaɗan ne kuma ba sa jimawa, shi ya sa ya fi kowa bukatar allurar. Abin da ya fito cikin ƙahonka jini ne mai rai, ba matacce ba.

Majo, shugaban masu jinya, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Na sunkuyar da kai na ce wani wanzami ne.

A yi mana addu'a.

Ɗiyarka, Nasiba

Bazaga

Nasiba,

Sallama. Yaya jikin abokina Faruk?

Wani wanzami! Malam ya karanta wurin, na ce ya sake, bai sake ba, sai ya kama gyaran hularsa.

Ba na fita. Uwarki ta dawo ɗaukar kaya, ta aje mini fura ta juya ta fita, gara da ta zage ni. Jiya maƙwabcina Munkaila ya yi sallama da jikokinsa biyu, duk damtse a kumbure, wai in yi musu irin na Faruk tunda ya ga aikin da idonsa. Bayansa ga mata sun yi layi da goyo. Na ce aska ba kaifi. Ya ce zai jira in wasa ta. Na ce hannuna na rawa. Ya ce, "Haba Chindo, yaushe ka fara rowa?" Dole na buɗe baki gaban matan nan na ce nawa yana Konni kwance, su mai da yaransu gida. Kyauta, wadda ni na yi wa ɗiyanta duka askin suna, ta ja goyonta baya kamar ta ga kura.

Ban ce duk zancenki na yarda da shi ba. Ƙaho ya warkar da mutane tun kafin a gina likitarku. Amma yaron nan da na kafa masa bai yi kuka ba, cewa ya yi, "Kaka, in an gama zan warke?" Na ce ƙwarai.

Ki gaya wa majon sunana. Kuma jini nake da shi, su ɗiba yadda suke so. Ki ce mini in zo.

Malam ya ce in rufe da addu'a. Allah ya tashi kafaɗarsa.

Ubanki

Konni

Baba,

Ina gaisuwa. Ba a ɗibar jinin mai shekarunka. An samu, an sa masa. Yau ya zauna ya sha kunu, ya tambaye ka.

Abdurrazak ya rantse ba za ka shiga ɗakin ba. Na roƙe shi, ya ce taga kaɗai. Tana gefen gabas, kusa da famfo, kuma ba ta da tsawo. Zan juyo da gadon.

Ɗiyarka, Nasiba