Lakar da Muke Ɗurawa a Bututu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mai zagi ma ya zaga, na cancanta.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Makoɗa. Da taki ya gagari talaka, gonarmu ta daina ciyar da gida, sai ni da yayana muka shiga sana'ar gwangwan, muna tara tsofaffin ƙarafa muna kai wa wani kamfanin rodi a Kano. Ni na kawo dabarar ɗura jiƙaƙƙiyar laka a cikin bututu, mu daddake bakinsa, don ya yi nauyi a sikeli. Yaya bai san wannan ba, ni na koya masa, har ina alfahari.

To yanzu kamfanin ya ɗauke ni lebura. Kafin mu fara aiki aka zaunar da mu horo kan yadda ake narka ƙarfe. Mai koya mana, wani dattijo da wuta ta cinye masa gefen wuya, ya ce in bututu mai ruwa a ciki ya faɗa narkakken ƙarfe, fashewa yake kamar bam, ya watsa wa duk wanda ke bakin tukunyar. Ya ce abin da ya same shi ke nan, kuma bai yafe wa mai ɗurin ba har gaban Allah.

Na koma gida na faɗa wa Yaya. Ya ce ni munafuki ne, na samu inuwa ina so in tura shi rana. Wai da muna ci tare ban san haramun ba ne sai yau? Na ce masa azzalumi, ya ce ai shi almajirina ne. Inna ta ce in na tona shi aka daina sayen kayansa, in zo in ɗauki 'ya'yansa in ciyar, kuma kada in ƙara taka mata ɗaki.

Lodinsa zai shigo kamfanin ranar Asabar, na ga bututun da ya ɗura wa laka da idona. In na yi magana, na rufe masa kasuwa, wataƙila ni ma a kore ni. In na yi shiru, dattijon nan ne zai tsaya a bakin tukunya yana nuna mana aiki.

Jama'a, ya zan yi?