Rabin Albashin Idrisu

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mai tsire na Hindawiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Ni ce Hauwa, autarka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Na san masu bibiyata a waya ne za su karanta wannan, to su karanta, da kai nake magana. Raina a ɓace yake, Baba. Ban taɓa jin ƙyamar jinina irin ta wannan makon ba.

Bari in fara da abin daɗin. Na buɗe shagon tsire a unguwar Rusaifa nan Makka, siriyya kamar yadda Larabawa ke ce masa. Shago ne sosai, da ƙofar gilashi da firji da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, a bango, irin wanda ka riƙa cewa za ka yi in Allah Ya ara maka rai. Kuɗina bai kai ba, sai yayanka Baffa Usman ya cika, ya kuma kama hayar wurin da sunansa. Wuta tana hannun Idrisu. Ka tuna shi, Badamagaren nan da ya koyi jera nama a tsinke a gefenka. Yanzu furfura ta fito masa, iyalinsa suna unguwar Ka'akiyya, ikamarsa ta zaman ƙasa kuma ta dawo ƙarƙashin shagona. Duk tsohon da ya ci yajinsa sai ya ce hannun Garba ne.

A zamanin nan buɗe shago ba shi ne ƙarshen wahala ba. Duk mai ɗaukar ma'aikata sai ya buɗe fayil a ta'minat, asusun nan na hukuma da mai shago ke zuba wani kaso duk wata a kan kowane ma'aikaci, gwargwadon albashinsa. In wuta ta ci hannun mutum a bakin aiki, albashin da aka rubuta za a duba a biya shi. Ranar da ya ajiye aiki ma, da shi ake lissafa kuɗin sallama. Na sha fama da abin a waya, wallahi. Lambar sirri ta ƙi shigowa, in ta shigo shafin ya rufe. Na yi ta tsaki har Inna ta tambaye ni ko tsaka na koma.

Da Baffa ya ji ina ta fama, sai ya zo min da mu'akkib, irin masu bin takardun mutane ofis ofis. Bayan la'asar ne, ba a fara ciniki ba. Mutumin ya zauna, ya sha shayina, ya ci tsirena har da neman ƙarin albasa, sannan ya koya min sata.

Abu biyu ya ce. Na farko, in rubuta rabin albashin Idrisu, sauran in riƙa miƙa masa a hannu, abin da zan zuba wa hukuma ya ragu. Na biyu, tunda doka ta ce sai da ɗan ƙasa a cikin ma'aikata, in sa sunan Faisal ɗan Baffa a matsayin mai karɓar kuɗi. Faisal fa, Baba! Yaron da ba ya tashi sai an yi azahar, wanda in ka ce ya nuna maka inda ƙofar shagon ta kalla sai ya duba waya. Shi yana kwance cikin sanyin esi shekarun fansho suna taruwa masa, Idrisu yana tsaye cikin hayaƙi a kan rabi. Tir!

Abin da ya fi tayar min da zuciya, duk maganar nan Idrisu yana nan bayan kanta yana yanka nama, yana ji. Ba wanda ya ko rage murya. Kamar ana cinikin rago a gabansa.

Na ce ba zan yi ba. Baffa ya yi dariyar nan tasa, ya gyara ƙafa, ya faɗi maganar da har yau ta ƙi fita kunnena: "Ya binti, 'yata, ɗan gida ba a sa shi a takarda. Ubanki ya yi min aiki har ya tsufa ban taɓa rubuta shi ba, kin taɓa jin ya yi ƙorafi?"

Da alfahari ya faɗa, kamar mai ba da labarin wata dabarar kasuwanci. Har ya ƙara wa mu'akkibin bayani, wai sunan Hajiyarsa ya sa a gurbinka. Ita ce ke karɓar fansho yanzu. Hajiyar da ko warin hayaƙi ba ta so, wadda in ka shiga gidansu take cewa a kunna turaren wuta.

Innalillahi.

Na tuna idanunka. Kullum jajaye, kullum suna ruwa, kana share su da gefen rawani kana cewa yaji ne. Na tuna ranar da ka miƙa wa wani canji ba daidai ba don ba ka gane takardar kuɗin ba, ka dawo gida ka zauna a kan dakali. Daga ranar ba ka koma bakin wuta ba.

Na tuna Inna tana soya ƙosai da sassafe a lungunmu na Hindawiyya don maganin ɗigawarka. Kai ɗan ƙasa ne kamar Baffa, a gida ɗaya aka haife ku bayan Kaka ya ratso Chadi da Sudan. Da an rubuta ka, da kana da abin da zai riƙa shigo maka duk wata, da Inna ba ta tsufa a bakin kasko ba.

Sai kuma buhun shinkafar nan. Duk azumi Baffa ya aiko da shi, da jallabiyya ɗaya, kai kuma ka tura ni in je in durƙusa in yi godiya. In na yi ƙunƙuni ka ce min, "Babban wa magajin uba." Na durƙusa a kan kafet ɗin Hajiya sau nawa, ina gode mata a kan guminka da take ci? In na tuna sai in ji kamar in wanke gwiwoyina.

Ka sani kuwa, Baba? Wannan ce tambayar da ke ci na. In ba ka sani ba, an cuce ka. In ka sani ka yi shiru don kada zumunci ya lalace, to ban san yadda ka iya haɗiye shi ba. Ba tuhumarka nake ba, babana. Kewarka nake, kuma na so a ce ko sau ɗaya ka yi fushi a gabana.

Washegarin zuwan mu'akkibin na buɗe fayil ɗin da kaina. Na sa albashin Idrisu cikakke, ta banki. Gurbin ɗan ƙasa kuma na ɗauki 'yar maƙwabtanmu da ke neman aiki da gaske, za ta zauna a kanta ta karɓi kuɗi. Faisal ya ci gaba da barcinsa.

Baffa ya aiko cewa zai zare kuɗinsa, haya kuma in ta ƙare bayan Hajji ba zai sabunta ba. Dangi sun yi min ca. Gwaggo ta ce na kunyata zuri'a a gaban baƙo, wai don bare na watsa wa yayan ubana ƙasa a ido. Ba wanda ya ce uffan a kan abin da aka yi maka. Ashe da yawansu sun sani.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya ni jiya ne. Idrisu ya same ni kafin a hura wuta, ya rage tsawo, yana murza hularsa. Wai in yi haƙuri in mayar da shi kan rabin, ya yafe, kada shago ya rufe ta dalilinsa. Ya ce, "Hajiya, mu mun saba." Idanunsa jajaye, suna ruwa. Kuma gaskiyarsa ce da yake jin tsoro, don in shagon ya mutu sai ya nemi wani kafili da zai riƙe masa ikama, a shekarunsa kuwa ba kowa zai karɓe shi ba.

Na ce ya tashi. Na ce ba zan mayar ba. Na ga wani ɗan matsattsen shago a Ka'akiyya, kusa da masu gyaran taya, ko firji da ƙyar zai shiga. In Baffa ya karɓe mukullinsa can za mu koma, ni da shi. Ban san ko za mu kai baɗi ba, ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma in muka faɗi, za mu faɗi sunansa yana rubuce da haƙƙinsa cif.

An ce min kabarinka a maƙabartar Shara'i ba suna, dutse ne kawai kamar na kowa. Wannan bai dame ni ba, haka addini ya koyar. Shekarunka a bakin wuta ne bai kamata su tafi ba suna ba. Waɗannan ban isa in gyara ba, sai dai na Idrisu.

Allah Ya biya ka abin da aka hana ka, Ya sanyaya idanun nan da hayaƙi ya cinye. Allah Ya sa ka ga Aljanna da su tar. Baffa kuma ban yi masa baki ba, na bar shi da Wanda ba a rubuta maSa rabi.

'Yarka mai kewarka,
Hauwa,
Rusaifa, Makka.